Tsibiri Za Mu Tafi

Legas, farkon Yuli

Zuwa ga ƙanwata Bilki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Malam Isah da yara. Yaya Jibiya, yaya damina? Mu a nan lafiya lau muke, in ban da ruwan sama da ya hana mu sakat, da cunkoson motocin da kullum sai ya cinye min rabin yini.

Tunda har yanzu ba a maido muku da sabis ɗin waya ba, ga ni na koma takarda da biro. Maɗugu direba ya ce yana gama sauke kaya zai kamo hanyar gida, shi ne na ce bari in ba shi wannan. Akwai ƙullin magani tare da ita, na Goggo Salmatu ne. Fararen ƙwayoyin na suga ne, man kuma na gyambon ƙafarta. Don Allah ki ci gaba da sa ido a kan abin da take ci, kin san halinta da fura mai zaƙi. Ki durƙusa ki gaishe min da ita. Kowa a dangi ya san ke kika ɗauko ta daga gidanta kika riƙe ta a ɗakinki, alhali ni da ke sai an hau kakanni kafin a gane inda muka haɗu. Ita kuwa ƙanwar babana ce, a bayanta na girma. Allah ya saka miki da alheri.

Ga labari mai daɗi. Ofis sun amince min da hutu a watan Agusta, daidai lokacin da yara ke gida. Rabi'a ta daɗe tana mita wai kowace shekara a falo muke ƙare hutu muna kallon juna. Bana na ce an daina. Tsibiri za mu tafi, ni da ita da yaran gaba ɗaya. Na gaji, Bilki. Ina son wurin da ba zan ji hon ɗin mota ba, in taka rairayi da ƙafata ba takalmi, in yi barci har rana ta ɗaga. Ki ce wa Goggo ta sa mu a addu'a, don an ce da damina ƙetare ruwan sai an yi haƙuri.

Ki gaida duk wanda ya tambaye ni.

Yayanki,
Abdulbaƙi

Jibiya, tsakiyar Yuli

Zuwa ga Yaya Abdulbaƙi,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, magani ya iso, mun gode. Muna lafiya, Malam Isah na gaishe ka, damina ta yi kyau, gero har ya fara rufe mutum. Ƙafar Goggo da sauƙi, gyambon ya fara haɗe baki.

Kai, Yaya! Ashe kana da irin wannan magana a cikinka, shi ne ka tura ta can ƙarshen takarda kamar ba komai ba? A tsakar gida na karanta wa Goggo, tana zaune tana tsinke zogale. Ina zuwa wurin da ka ce Tsibiri za ku tafi, sai ta ajiye faifan.

Ta ce, "Mi yac ce? Sake hwaɗi."

Na sake karantawa.

Ta ce, "Tsibiri za shi? Da matatai da ɗiyan duka?"

Na ce haka ya rubuta. Wallahi Yaya ban taɓa ganin tsohuwar nan ta yi kuka irin na ranar ba. Tana kuka tana dariya, tana ce min ta san ba ka manta garin da ka yi rarrafe ba. Ni kaina sai da na yi ƙwalla, don tun da aka ɗauke ka daga hannunta aka kai ka makaranta Katsina, sau nawa ka taka garin nan? Yaranka kuwa a hoto kawai ta san su.

Washegari da safe na iske ta ta ɗaure kayanta a zane. Wai gida za ta. Na ce Goggo, ai ko ta ina ya biyo sai ya ratsa Jibiya, ki jira ku ƙetara tare. Ta harare ni ta ce, "Shi zo shi iske gida kulle, ciyawa har gwiwa, gara ta cinye azara? Ina raye?" Malam Isah ya sa baki, ta ce masa ya ji da buhunansa na masara. Ka dai san ta.

Haka na ajiye ɗinkin mutane na raka ta. Ka san yadda iyakar Nijar take yanzu, yau a sake fuska gobe a ɗaure. Muka bi ta Magama, wani wuri a mota, wani wuri a kabu-kabu, ina riƙe da ita ta baya kada ta zame. Muka wuce Ɗan Isa, muka huta a Maraɗi, la'asar ta yi mana a Tsibiri.

Gidan kam ba kyan gani. Katangar gabas ta zube, ɗakin da ka kwana kana yaro yana yoyo, jemagu sun mai da shi nasu. Da na buɗe ƙofa warin kashinsu ya buge ni, sai da na koma waje na yi kakarin amai. Da hannuna na kwashe shi, na ɗaure hanci da ɗankwali. Goggo ta aika aka kira magini, ta sa maƙwabciyarta Mariya ta nemo mata zabbi a fara kiwata muku. Kafin in baro garin babu gidan da ba a san ɗan Salmatu na Legas zai zo hutu da iyalinsa ba. Mata suna ta shigowa yi mata barka kamar an yi haihuwa.

Dole na dawo saboda yara da ɗinki, na bar ta a hannun Mariya. Kafin in taho na ari wayar wani mai layin Nijar na kira ka, tana ta ringi ba ka ɗauka ba. Na san ka, da ka ga baƙuwar lamba sai ka ce 'yan damfara ne.

Ƙorafina ɗaya. Ka ce Tsibiri, ko ambaton Jibiya ba ka yi ba, kamar ta sama za ka bi. To ka sani sai kun kwana a gidana. Batun ruwa kuma kada ya dame ka, gulbi ya kawo amma ana wucewa. Ka ce wa Rabi'a ta taho da gidan sauro, kuma kada ta sa ran fanka. Ka rubuto min ranar da za ku taso in tare ku a tasha.

Ƙanwarka,
Bilki

Legas, ƙarshen Agusta

Zuwa ga Bilki,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da Malam Isah da yara da Goggo. Shiru ban ji daga gare ki ba tun waccan takardar. Na nemi Maɗugu aka ce motarsa ta lalace a hanya, tana can an kwance mata ciki. Wannan ta hannun wani abokin aikinsa mai ɗaukar albasa na ba da ita. Rabi'a da yara lafiya. Ni ne dai har yanzu cikina bai koma daidai ba.

Mun je mun dawo. Bilki, in wani ya taɓa ce miki ki zo a je hutu tsibiri, ki yi masa fatan alheri ki juya ki shige ɗakinki.

Tun daga bakin ruwa abin ya fara. Wani kwalekwale mai inji aka zuba mu a ciki, aka miƙo mana rigunan kariya jiƙaƙƙu, suna tsamin zufar duk wanda ya taɓa sa su. Muna barin gaɓa teku ya fara ɗaga mu yana bugawa. Karin kumallon da na ci gaba ɗaya na dawo da shi a gaban mutane, autata ta taya ni, a kan takalmina. Rabi'a kuwa tana gefe tana ɗaukar hoton ruwa.

A hoton da aka nuna mana kafin mu biya, farin rairayi ne da itatuwan kwakwa. Itatuwan dai suna nan. Amma duk sharar da Legas ta zubar, can teku yake kai ta ya amayar. Leda, robobin ruwa, silifas ƙafa ɗaya-ɗaya, ƙunzugun jarirai, matattun kifaye sun kumbura ƙudaje na bi. Ƙarni kuwa har a cikin shayi ina jin sa. Rairayin da na ce zan taka ba takalmi, ko da takalmin sai da na riƙa zaɓen inda zan sa ƙafa.

Ɗakin da aka ba mu danshi ne tun daga ƙasa har rufi. Katifar tana warin wankin da aka manta a bokiti. In ka shiga banɗaki sai ka iske ƙananan ƙaguwa suna yawo a gefe-gefe, ba sa ko gudu. Ruwan famfo gishiri-gishiri, in ka yi alwala ka ji jikinka yana danƙo, kurkure baki kuwa sai ka daure. Sallayata ba ta bushe ba har muka baro wurin. Na tambayi masu aikin wurin ina gabas, kowa ya nuna min nasa ɓangaren.

Abinci kuma kada ki so ki gani. Ranar farko aka dire mana wani faranti, wai shi ne abin alfaharin gidan. Ƙaguwa ce da ƙafafunta cif, ga jatan lande da gashin bakinsa da idanunsa yana kallona, ga dodon koɗi baƙi ƙirin a cikin miya. Na waiga teburin kusa, wani ƙato ya fasa ƙafar ƙaguwa yana zuƙa da ƙara, romo na bin gwiwar hannunsa yana lashewa. Na ture farantin. Burodi da shayi na koma, duk da haka gudawa ba ta bar ni ba.

Mutanen kuma fa? Manya-manya, wasu da furfura, daga su sai ɗan kamfai, sun baje tumbi a rairayi kamar an shanya su. Matan ba zan ma ba ki labari ba, sunkuyar da kai na yi ta yi har wuyana ya ƙage. Shirun da na je nema, tun hantsi ake kunna kiɗa a wasu manyan lasifikoki, janareta na taya su. Hon ɗin motar Legas ya fi min shi sau dubu.

Abin da ya fi ba ni haushi, Rabi'a da yaran cewa suke sun ji daɗi, har suna zancen baɗi. Na ce su je, ni na sallama. Hutun da na daɗe ina jira ya tafi a banza, ga shi na koma ofis da gajiyar da ta fi ta da.

Ki ba Goggo labarin nan ta sha dariya, ki ce mata ɗanta ya sha wuya. In tana da saiwar nan da take jiƙa min ina yaro in cikina ya ɓaci, a ba direba ya taho min da ita.

Yayanki,
Abdulbaƙi

Jibiya, farkon Satumba

Abdulbaƙi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Goggo ba ta da lafiya sosai, zan zo kan wannan.

Takardarka ta same ni a kan keke ina ɗinki. Na karanta, na sake karantawa, sai na ji kamar an watsa min ruwan wanke-wanke a fuska. Na gane ba ka ga tawa ba, tana can a motar Maɗugu. To bari in gaya maka yadda namu watan Agustan ya kasance, tunda kai ka ba ni naka har da ƙudajensa.

Goggo tana Tsibiri. Tsibirin Gobir, na bayan Maraɗi, inda ta goya ka. Tun tsakiyar Yuli take can tana gyara maka ɗaki. An ta da katanga, an yi sabon daɓe, an shafe bango, an shimfiɗa sababbin tabarmi. Ita ta tsaya a kan magina da ƙafar nan tata, cikin laka, har gyambon da muka sha wahala ya haɗe ya sake buɗewa. Da na kai mata magani na kwance tsumman, sai da na kau da kai. Ta ce ba komai, in ka zo ka tafi ta huta.

Kullum da hantsi Mariya ke fitar mata da tabarma ƙofar gida. Duk motar da ta shigo unguwar sai ta sa an duba mata. Ni kuma a nan na zama abin kallo a tasha, duk motar Katsina da ta tsaya ina leƙa tagoginta, har masu lodi suka fara ce min, "Hajiya, yau ma baƙin Legas ɗin ne?" Na kira ka ta layin Nijar ban san iyaka ba. Wani lokaci ta yi ringi, wani lokaci a kashe. Ashe kana can kana faɗa da ƙaguwa.

Na ɗauko takardarka ta farko na duba, ko ni ce na yi karambani. Ga ta nan a gabana. "Tsibiri za mu tafi." Da babban baƙi ka rubuta shi. Za ka ce ai farkon magana ne, na sani, ni ma na yi makaranta. Amma ka gaya min, wane mahaluƙi ne a Jibiya za ka ce wa Tsibiri ya kawo teku a ransa? Ka je tasha ka faɗi kalmar nan ka ga inda za a kai ka. Kai da aka yanke wa cibiya a can, ka rubuta sunan garinku da hannunka, ka ce a gaya wa matar da ta raine ka, ko gezau zuciyarka ba ta yi ba. Wannan ne ya fi ƙona min rai, ya fi kuskuren kansa.

Kuma wai in ba ta labari ta sha dariya. Ƙyama ta kama ka don ka ga leda a bakin ruwa. Ni da na kwashe kashin jemage da hannuna don 'ya'yanka su sami wurin kwana, me zan ce?

Ban gaya mata ba tukuna. Da Agusta ya ƙare ta ce ƙila aiki ne ya riƙe ka, a ƙara wa zabbi dawa. Matan unguwa sun fara tambaya, wasu da tausayi, wasu da murmushin da ka sani. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, kai ne abin da take nuna wa mutane.

Abin da nake so da kai ɗaya ne. Ka hau jirgi zuwa Katsina ko kai kaɗai ne, ko kwana ɗaya ne. Ni zan ƙetara da kai. In ka shiga ɗakin nan ka kwana, ka ci zabuwa ɗaya a gaban mutane, ba wanda zai taɓa jin labarin ƙaguwa daga bakina.

Bilki

Legas, tsakiyar Satumba

Zuwa ga ƙanwata Bilki,

Assalamu alaikum. Ina fatan jikin Goggo da sauƙi, ku kuma kuna lafiya. Takardunki biyu rana ɗaya suka zo min. Maɗugu ya kawo ta farkon duk baƙin mai, yana ta ba da haƙuri. A tsaye na karanta su, sai da na nemi wuri na zauna. Innalillahi. Wallahi tallahi ko a mafarki ban kawo Tsibirin gida ba. A nan kowa haka yake cewa, za mu tsibiri, mun dawo daga tsibiri, bakina ya saba. Raina ya ɓaci ƙwarai, abinci ma kasa ci na yi.

Amma ke ma Bilki, da kin tsaya kin yi tunani. Na ce rairayi, na ce ƙetare ruwa. Kuma da gida zan zo ai da na ce ga ni nan zuwa gida. Bai kamata ki bar tsohuwa mai ciwon suga ta hau kabu-kabu a kan kalma ɗaya ba. Ba laifi nake ɗora miki ba, ina dai faɗa ne.

Batun zuwa yanzu, ba zai yiwu ba. Hutuna ya ƙare ƙaf, an kawo mana sabon shugaba mai tsanani, wanda ya nemi ko yini ɗaya sai ya ga canji a fuskarsa. Ga makarantar yara an koma. In Allah ya yarda ƙarshen shekara zan duba.

Ga abin da nake roƙonki. Kada ki karanta mata waccan takardar tawa ta labarin teku, ki yaga ta. Ki ce mata mun shirya tsaf, har mun ɗaure kaya, sai Rabi'a ta kwanta rashin lafiya aka ba ta gado a asibiti. Ko ki ce iyaka ce aka ce ba a wucewa da yara. Ki zaɓi wadda za ta fi shiga. Ta haka ita ma za ta sami abin gaya wa maƙwabta ba tare da ta ji kunya ba. Wannan ba ƙarya ba ce ta cuta, rufin asiri ne, kuma don ita nake faɗa. Daga nan ki lallaɓa ki dawo da ita Jibiya a duba ƙafar.

Na ƙaro magani da bandeji, da turmin atamfa ɗaya nata ɗaya naki, ɗaya kuma ki ba Mariya. Ki yi haƙuri, ki taimake ni ki kashe wutar nan.

Yayanki,
Abdulbaƙi

Jibiya, farkon Oktoba

Zuwa ga Yaya Abdulbaƙi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an fara yankan gero. Magani da bandeji sun isa inda ka aike su. Atamfar Goggo da ta Mariya na kai musu. Tawa tana wurin Maɗugu, zai maido maka.

Na ƙetara da ƙaryarka a bakina. Ta rashin lafiyar Rabi'a na zaɓa, ina ta maimaita ta a raina a bayan kabu-kabu don ta zauna. Na iske Goggo a ƙofar gida a kan tabarma, ƙafar a naɗe, tana korar ƙuda da mafici. Ta dubi bayana kafin ta dube ni.

Ta ce, "Ke ɗai?"

Na ce, "Ni kaɗai, Goggo."

Ta ce, "Ya aiko takarda?"

Na buɗe baki zan ce Rabi'a na asibiti, sai na ga abin da zai biyo baya. Za ta fasa kuka, ta aika a kira malam a yi wa mace mai lafiya addu'ar ciwo, ta hana kanta barci a kan matar da ke can tana nuna hotunan bakin teku. Na ji ƙyamar maganar tun ba ta fito ba, na haɗiye ta. Na ce mata, Goggo, kuskure aka yi. Ba nan yake nufi ba, tsibiri irin na tsakiyar ruwa ya kai iyalinsa, can wajen Legas.

Can ta ce, "Karanta mani yadda yar rubuta."

Na ciro takardarka ta labarin teku na karanta mata duka, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Mariya na tsaye a bakin zaure. Da na zo wurin amai Goggo ta ce, "Wayyo, tun yana ƙarami cikin nan nai ba ya son jijjiga." Da na zo wurin jatan lande mai gashin baki ta yi dariya har da tari. Ka ce ta sha dariya, to ta sha. Ni ce na kasa.

Da na gama ta daɗe tana juya maficin a hannunta. Sannan ta ce, "Shi tsibirin ga, wa gare shi can?"

Na ce, "Ba kowa, Goggo."

"Ko dangin matatai?"

"Babu."

"Ko wani abokin babanai? Ko kabarin wani nashi?"

Na ce babu ko ɗaya.

Ta ce, "To wa yat tahi gaidawa?"

Na ce ba gaisuwa ya je ba, hutu ya je, haka ake yi yanzu.

Ta ce, "Mutum shi kwashi matatai da ɗiyanai, shi ƙetare ruwa har da amai, shi tahi inda ba shi da kowa?"

Mariya ta juya ta shige gida.

Washegari ta sa aka yanka zabbin gaba ɗaya, muka soya ni da Mariya. Ta ɗauki sandarta ta ce in riƙo kwano in biyo ta. Gida-gida muka bi unguwar, tana jan ƙafar nan. Duk inda muka shiga sai ta sa in zuba musu nama, ta ce, "Abdulbaƙi ba ya zuwa. Wani tsibirin yat tahi, na cikin ruwa." Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Na roƙe ta ta bari in je ni kaɗai, ta ce da bakinta ta gaya musu za ka zo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar kaina nake ji ba.

Ta ƙi biyo ni Jibiya. Na yi magiya, na yi fushi, na yi kuka. Ta ce ɗaki ya gyaru, ba ta barin shi ga jemagu, ita za ta kwana a ciki. Na haɗa ta da wani ma'aikacin asibiti a unguwar da zai riƙa wanke mata ƙafar, Mariya za ta kula da abincinta, ni kuma zan riƙa ƙetarawa in hanya ta yarda. Amma ka san ba ɗaya ba ne. Na dawo na iske shimfiɗarta a ɗakina, autana yana ta tambaya ina Goggo. Ka raba ni da tsohuwar da nake hira da ita in ina ɗinki, wannan ma ka sani.

Na gaya mata ka ce ƙarshen shekara za ka duba. Ta ce Allah shi kai mu, da irin muryar da take sallamar mai talla.

Saiwar da ka tambaya tana cikin ledar nan. Ita ta sa Mariya ta haƙo ta a bayan gari. Ta ce ka jiƙa da jar kanwa kaɗan, ka sha kafin ka karya.

Da zan hau kabu-kabu ta riƙe min gefen mayafi. Ta ce ba faɗa take yi ba, kada in rubuta maka da zafi. Ta ce abin ne ya ƙi shiga kanta, ta kwana tana juya shi, ƙila akwai wanda ka je gani da ni ban sani ba. Ta ce in tambaye ka da kyau, in rubuta yadda ta faɗa, in ka ba da amsa in kai mata. To ga shi na rubuta.

Wa gare ka can?

Bilki